Yadda Aka Gano Hanyar da Garkuwar Jiki Ke Shaida Sankarar Mama

A Azare da ƙauyukan Katagum har yau akwai masu cewa daji ba ya son allura. Sai ga shi da allura aka buɗe wannan fage. A 1891 likita William Coley na birnin New York ya fara yi wa masu sankara allurar ƙwayoyin cuta da gangan. Zazzaɓi ya rufe su, wasu kuma ƙarinsu ya motse. Shi kansa ya kasa faɗin dalili, aikin ya yi ta shan suka.

A 1974, a Ostareliya, Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka kama bakin zaren, binciken da ya biyo baya ya warware shi. Ashe ƙwayoyin T, sojojin jini, ba sa leƙa cikin ƙwayar halitta. Ita ce ke baje gutsattsarin furotin ɗin da take sarrafawa a jikinta, kamar mai talla da faifai a ka, su kuwa su bi suna dubawa. In suka ga baƙon gutsure, kashinta ya bushe. A 1991 tawagar Thierry Boon a Beljiyam ta gano alama ta farko irin wannan a sankarar ɗan Adam.

To, ta ina sankara ke sulalewa? Tana taɓa wani furotin na jikin sojan, PD-1, wanda Tasuku Honjo na Japan ya gano a 1992, sai sojan ya yi laƙwas. Maganin pembrolizumab toshe wannan kafa yake yi, kuma a 2020 Amurka ta amince da shi ga nau'in sankarar mama da ba ya ɗauke da HER2 kuma ba ya jin maganin homon.

Nan ne labarin ya shafe mu. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta na 2009 ya nuna wannan nau'in ya fi yawa a matan Najeriya da Senegal fiye da Turawa. Maganin dai tsada gare shi, ba na talaka ba ne tukuna. Amma gwajin tsokar da aka ɗebo, wanda shi ke tantance nau'in, bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021 ya kamata ta sa shi a gaba, don kada a riƙa ba matanmu magani bisa kintace.