Fayil ɗin da aka kulle ya ƙi buɗewa a wata kwamfutar: dalilai da hanyoyin ceto shi

Kifewar jirgin ruwa kusa da Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, a ranar 26 ga Mayun 2021, da sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yunin wannan shekarar, na cikin al'amuran da hotuna da muryoyin shaidu ke da matuƙar muhimmanci wajen bin kadinsu. Haka ma hotunan takardar sakamakon rumfar zaɓe ta EC8A da wakilan jam'iyyu da masu sa ido ke ɗauka daga Yauri zuwa Shanga. Mai riƙe da irin waɗannan bayanai yakan kulle su da kalmar sirri domin kare shaidunsa, sai kuma wata rana ya kai su wata kwamfuta su ƙi buɗewa. Sau da dama bayanan suna nan lafiya, gaggawar gyara ce ke ƙarasa su.

Yadda kulli yake aiki

Manhajar kulli tana hargitsa bayanai da dogon mabuɗin lissafi, galibi a tsarin AES. Kalmar sirri tana buɗe wurin da aka ajiye wannan mabuɗi ne kawai. A VeraCrypt, mabuɗin yana cikin ɗan yanki a farkon fayil, wato goshinsa. Idan ɓarna ta faɗa tsakiyar fayil, wurin da ta shafa kaɗai ake rasawa. Idan kuwa goshin ta taɓa, komai ya rufe ko da kalmar sirrin daidai take.

Dalilai uku

Na farko, an baro mabuɗi a baya. Tsarin EFS na Windows yana ɗaure fayil da takardar shaidar mai asusun da ya kulle shi, don haka idan aka cire faifan kwamfuta aka sa a wata, ko aka sake ɗora Windows, fayil ɗin zai ƙi buɗewa. Shi kuwa BitLocker yakan nemi mabuɗin ceto mai lamba 48.

Na biyu, bambancin manhaja. An daina raya TrueCrypt a 2014, kuma daga fitowa ta 1.26 a 2023 VeraCrypt ta daina buɗe kundinta, sai an koma wa tsohuwar fitowa.

Na uku, kwafi bai kammala ba. Ɗaukewar wuta, zare filashi da wuri, ko filashin jabu mai nuna girman da ba shi da shi, duk suna guntule fayil. Filashi mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, alhali exFAT da NTFS ba su da wannan iyaka.

Matakan ceto

Doka ta farko ita ce kada a taɓa asali. Idan Windows ta ce sai an goge filashin an sake tsara shi, a ƙi. A yi cikakken kwafi da manhaja irin ddrescue, a yi duk gwaji a kansa.

Daga nan sai a koma tsohuwar kwamfutar matuƙar tana nan, a kwatanta girman fayil da lambar tantancewa ta SHA-256 a ɓangarorin biyu. Idan sun saɓa, kwafin ne ya lalace, sake kwafa ya wadatar. Idan sun dace, matsalar ta mabuɗi ce ko ta manhaja: a fitar da takardar shaidar EFS, ko a duba asusun Microsoft inda akan adana mabuɗin BitLocker.

Idan goshi ne ya lalace, VeraCrypt tana da na ajiya a ƙarshen fayil, ana iya maido da shi da kalmar sirri. BitLocker ma yana da umarnin repair-bde mai kwashe abin da ya tsira zuwa wani faifan, amma shi ma sai da mabuɗi. Wanda ya rasa mabuɗi da kwafinsa baki ɗaya, babu mai gyara a Yelwa ko Legas da zai fasa masa AES. Sannan miƙa kalmar sirri ga mai shagon kwamfuta daidai yake da miƙa masa sunayen shaidu.

Idan magana ta kai kotu

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shardanta cewa hujjar da ta fito daga kwamfuta ta zo da takardar da ke bayyana yadda aka samar da ita, kuma a nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin. Saboda haka wanda ya ceto fayil ya rubuta ranar, da na'urorin da ya yi amfani da su, da kowane mataki, ya kuma adana asalin yadda ya same shi.

Riga-kafi kuwa ba shi da tsada: a rubuta mabuɗin ceto a takarda a ɓoye shi nesa da kwamfutar, a ajiye kwafi a wurare biyu, kuma kada a goge na tsohuwar na'ura sai an ga fayil ɗin ya buɗe a sabuwar.