Allon Dala 35 da Rigimar Kafar USB

A tsakiyar shekarar 2012, wanda ya yi sa'a Raspberry Pi ɗinsa ya iso bayan doguwar jira yakan ci karo da wani abin takaici tun daren farko. Zai jona kibod, ya kunna, rubutu ya fara gudu a talabijin. Sai ya danna harafi ɗaya, harafin ya ƙi tsayawa, ya yi ta maimaita kansa har ƙarshen layi kamar an ɗora masa dutse. Ya cusa ɗan abin kama Wi-Fi a kafa ta biyu, kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya, ta sake tashi daga farko. Da yawa sun ɗauka lalatacciya aka aiko musu. Lafiyarta ƙalau, yunwar wuta ce ke damunta.

Tushen abin yana cikin yadda aka haifi allon. Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila sun lura cewa ɗaliban da ke neman karatun kwamfuta sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma ba su taɓa buɗe cikin na'ura ba. Suka ƙudurta yin kwamfutar da yaro zai iya lalatawa ba tare da an yi masa faɗa ba. Ranar 29 ga Fabrairu 2012 aka fara sayar da Model B a kan dala 35. Kafin a kai ga wannan farashi sai da aka yi rangwame iri-iri: ƙwaƙwalwarta, BCM2835 ta kamfanin Broadcom, an ƙera ta ne don na'urorin hannu da na kallon bidiyo, kuma hanyar USB ɗaya tak gare ta. Daga wannan hanya aka ja layi zuwa wani ƙaramin cif mai suna LAN9512, shi kuma ya raba ta gida uku, kafofin USB biyu da ramin wayar intanet. Wato kibod da linzami da intanet duk ta ƙofa guda suke cunkoso. Idan USB ta yi tari, intanet ma sai ya katse.

Wutar kuwa, cewa aka yi kowa ya nemi cajar waya mai ƙaramin baki ya yi amfani da ita, muddin tana ba da miliamfa 700. Shawara ce mai kyau ga aljihu, amma ita ta fi jawo ciwon kai. Duk wanda ya taɓa sayen caja a bakin titi ya san abin da aka rubuta a jikinta daban, abin da take bayarwa daban. Waya ba ruwanta, batir gare ta, in wutar ta yi rauni sai dai cajin ya daɗe. Allon ba shi da batir. Ƙa'idar USB ta ce bolt 5, kada ya sauka ƙasa da 4.75. Siririn kebul mai turjiyar rabin om, in aka ja amfa ɗaya ta cikinsa, rabin bolt ya tafi a hanya. Abin da zai isa allon 4.5 ne, kuma a nan ne kibod ke fara hauka.

Sai kuma fis guda biyu, F1 da F2, da aka dasa a bayan kafofin don kariya. Miliamfa 140 kacal kowanne ke bari ya wuce, alhali ƙa'idar USB 2.0 ta ba na'ura damar neman har 500.

A nan ne masu sha'awar abin suka mai da kansu masu gyara, kuma wannan shi ne ɓangaren tarihin da ya fi cancanta a tuna. A jikin allon akwai ɗigo biyu masu lamba TP1 da TP2. Mutum zai ɗauko mitar awon wuta, ya ɗora jan tsinke a kan ɗaya, baƙi a kan ɗayan, ya zuba wa lambar ido yayin da yake jona na'ura da ɗaya hannun. Da ya ga ta faɗo ƙasa da 4.75, bincike ya ƙare, sai a canja caja ko a nemi kebul gajere mai kauri. Masu ƙarfin hali suka kunna ƙarfen soda, suka ɗinke fis ɗin nan biyu da guntun waya. Wasu suka sayi akwatin raba kafofi mai wutar kansa, don na'urorin su daina roƙon allon. Masu yin allon sun ji koke: a bugu na biyu da ya fito a Satumbar 2012, lokacin da aka mayar da ƙirar zuwa masana'antar Sony da ke Pencoed a Wales, babu fis ɗin.

Ba duka laifin wuta ba ne, gaskiya. Sashen da ke tafiyar da USB a cikin ƙwaƙwalwar yana katse mata aiki sau 8,000 a daƙiƙa guda, kuma in ta makara wajen amsawa, saƙon da ke cewa an ɗaga yatsa daga maɓalli sai ya ɓace. Wannan ma na sa harafi ya maƙale. Injiniyoyi sun shafe kusan shekara biyu suna sake rubuta manhajar sashen kafin ta daidaita.

Model B+ na Yulin 2014 ya zo da kafofi huɗu da tsarin wuta da ke jure a cusa na'ura allon na kunne. Ya kuma koyi yin ƙara da kansa: in wuta ta sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63, sai wani ɗan murabba'i mai launin bakan gizo ya bayyana a kusurwar allon kallo, wanda daga baya aka mai da shi alamar walƙiya. Aikin da mita ke yi a da, yanzu yaro na iya gani da idonsa. Pi Zero na dala 5, da aka raba kyauta a bangon mujallar The MagPi a Nuwambar 2015, ya kawo nasa ruɗanin: ramuka biyu iri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na wuta kawai, ɗaya na bayanai. Ga kuma kebul na caji zalla, wanda babu wayoyin bayanai a cikinsa, amma a ido ba a bambance shi da ɗan'uwansa.

Kuskuren da ya fi tashe ya zo da Pi 4 a Yunin 2019, lokacin da aka koma USB-C. Ƙa'ida ta ce tsinkaye biyu na cikin ramin, CC1 da CC2, kowanne ya samu resistarsa ta kilo-om 5.1. Masu zanen allon suka haɗa su a kan guda ɗaya. Kebul mai araha bai damu ba, wuta ta wuce. Amma kebul mai tsada, mai ɗan cif a bakinsa irin na manyan laftof, sai ya sa cajar ta ɗauki allon a matsayin abin jona lasifikar kunne, ta ƙi sakin wuta ko kaɗan. Tyler Ward ne ya bi zanen ya gano dalilin, Benson Leung na Google ya ƙara bayani, Upton kuma ya amsa cewa haka ne. Aka gyara a bugu na 1.2. Karo na farko ke nan da shawarar masu gyara ta juye, ana ce wa mutum ya ajiye kebul mai kyau ya ɗauko na talaka.

Da Pi 5 ya fito a Oktobar 2023, kamfanin Raspberry Pi ya ƙera nasa cif, RP1, don kula da kafofin, ya kuma daina dogara da cajar da aka tsinta a durowa. Allon yana tambayar caja abin da za ta iya tun kafin ya tashi. In ta ce tana da amfa 5, sai ya sakar wa kafofinsa amfa 1.6, in ba haka ba, ya tsayar da su a miliamfa 600, ya kuma rubuta wa mai shi gargaɗi a allon kallo.