Kunnen Ɓera Da Ya Wahalar Da Masu Bincike

Tun a 1640 likitocin Turai ke neman dabarar toshe dodon kunnen da ya huje. A shekarar ce Marcus Banzer, wani likita Bajamushe, ya gwada rufe shi da tantanin mafitsarar alade. A 1853 Joseph Toynbee na Landan ya ƙera dodon kunne na roba, sannan a shekarun 1950 Wullstein da Zöllner suka kafa tiyatar ɗinke shi, wadda ake yi har gobe.

Sai dai tiyata tana da tsada, kuma ba ko'ina ake samun likitanta ba. Shi ya sa aka koma neman maganin da za a sa a kunne kawai. Dole a fara gwada shi a kan dabba, nan kuwa aka ci karo da cikas: in aka huda dodon kunnen ɓera, kafin mako biyu ya haɗe da kansa. To, wa zai ce maganin ne ya warkar? Shi kuwa mai fama da kunne mai zubar da mugunya, hujinsa kan shekara a buɗe, domin fatar bakin hujin takan naɗe ciki ta hana shi haɗuwa.

Ala tilas masu bincike suka koma yaƙi da warkewa. A 1992 Amoils da abokan aikinsa a San Francisco suka ɗauko cincila, wata dabba mai taushin gashi daga tsaunukan Andes, wadda dodon kunnenta ya kusa na mutum girma. Sukan ƙona shi, sannan su lanƙwasa bakin hujin ciki, kamar yadda tela ke kalmasa bakin zane.

Hakan bai gamsar da kowa ba. A 2007 Peter Santa Maria da abokansa a Perth ta Ostireliya suka ce ana bukatar hanyar da ta fi wannan. Wasu suka koma shafa mitomycin C, maganin sankara, tare da dexamethasone, don hana hujin haɗuwa. A 2015, a Jami'ar Stanford, aka dakushe sinadarin da ke tsiro da sabuwar fata a kunnen ƙananan ɓeraye, hujin ya tsaya a buɗe, sannan aka rufe shi da sinadarin HB-EGF.

A 2019 Japan ta amince da soso mai ɗauke da sinadarin tsiro da fata, wanda ake cusawa a hujin a maimakon tiyata.