Dilma Rousseff

Dilma Vana Rousseff ita ce mace ta farko da ta shugabanci ƙasar Birazil. Ta hau mulki ranar 1 ga Janairu 2011, majalisar dattawa ta tsige ta ranar 31 ga Agusta 2016.

An haife ta a birnin Belo Horizonte ranar 14 ga Disamba 1947. Mahaifinta ɗan Bulgeriya ne da ya yi ƙaura zuwa Birazil, mahaifiyarta kuma malamar makaranta. Tana da shekara 16 sojoji suka ƙwace mulki a 1964, sai ta shiga ƙungiyoyin ƙarƙashin ƙasa masu ra'ayin gurguzu da ke yaƙar gwamnatin soja. A Janairun 1970 aka kama ta a São Paulo. Ta sha duka, an gana mata azaba da wutar lantarki, ta kuma yi kusan shekara uku a kurkuku. Da ta fito sai ta koma Porto Alegre, inda ta kammala digiri kan tattalin arziki a 1977, daga baya ta riƙe kwamishinar makamashi ta jihar Rio Grande do Sul.

A wannan aiki ne Lula da Silva ya gano ta. Da ya zama shugaban ƙasa sai ya naɗa ta ministar ma'adinai da makamashi a 2003, sannan shugabar ma'aikatan fadarsa a 2005. Ba ta taɓa tsayawa takara ba sai a 2010, lokacin da jam'iyyar ma'aikata ta PT ta tsayar da ita, ta kayar da José Serra da kusan kashi 56 cikin ɗari. Mace ce ta aiki da lissafi, amma ba ta iya lallashin 'yan majalisa irin na ubangidanta ba, abin da ya cuce ta ranar da ta fi bukatar su.

Da ƙyar ta sha a zaɓen 2014, ta doke Aécio Neves da kashi 51.6. Tattalin arziki ya durƙushe a 2015, ga kuma binciken Lava Jato yana tona badaƙalar cin hanci a kamfanin mai na Petrobras, wanda ta taɓa shugabantar hukumar gudanarwarsa.

Sai dai ba kan Petrobras aka tuhume ta ba, ba a kuma ce ta sa kuɗin jama'a a aljihunta ba. Laifin da aka ɗora mata shi ne jinkirta biyan bankunan gwamnati kuɗaɗensu don gibin kasafi ya ɓoyu, da sa hannu kan ƙarin kashe kuɗi ba da izinin majalisa ba. Gwamnatocin baya sun yi irin wannan jinkiri, ko da yake nata ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kakakin majalisar wakilai, Eduardo Cunha, ya karɓi ƙarar neman tsige ta ne ranar 2 ga Disamba 2015, ranar da 'yan PT suka ce ba za su kare shi a kwamitin ɗa'a da ke bincikensa ba. Shi kansa bai cika shekara ba aka kore shi daga majalisa, aka kuma tsare shi kan zargin cin hanci.

Ranar 17 ga Afrilu 2016 wakilai 367 suka amince a gurfanar da ita, 137 suka ƙi. A zaman ne ɗan majalisa Jair Bolsonaro ya sadaukar da ƙuri'arsa ga Kanar Brilhante Ustra, wanda ya shugabanci wani gidan azabtarwa na soja a São Paulo. Wannan cin fuska ne mai ciwo ga matar da ta ɗanɗani irin wannan azaba a jikinta. A ƙarshen Agusta ta bayyana gaban dattawa, ta wuni tana amsa tambayoyi har dare, tana mai cewa juyin mulki ake yi mata. Dattawa 61 suka tsige ta, 20 suka tsaya mata, amma a ƙuri'a ta biyu aka bar mata 'yancin sake neman muƙami. Mataimakinta Michel Temer, wanda tuni suka raba gari, ya gaje ta.

Ta nemi kujerar sanata a Minas Gerais a 2018, ta zo ta huɗu. A 2023, bayan dawowar Lula kan mulki, aka zaɓe ta shugabar bankin raya ƙasashe na ƙungiyar BRICS, mai hedikwata a Shanghai.