YADDA YAƘI YA NUNA WA MUTANEN INGILA DARAJAR FACI

Hausawa na cewa garin gyaran gira a kan rasa ido. Wannan karin magana ya dace ƙwarai da wani hali da a kan samu ga masu riƙe allura, watau ƙaƙale. Mai ƙaƙale shi ne wanda ba ya yarda ya fara aiki sai ya tabbata zai fito ba aibu ko kaɗan. In aljihun rigarsa ya yage sai ya ajiye ta ya ce sai ya sami gwani, kafin gwani ya samu kuwa yagar ta kai gindin riga. Ku 'yan makaranta, ga labarin wata ƙasa da ta daɗe tana koya wa 'ya'yanta ƙaƙale cikin ɗinki, har wuya ta zo ta nuna mata abin da ya fi shi amfani.

A Ingila, tun zamanin da, yarinya ba ta cika tarbiyya sai ta iya allura. A kan ba ta wani ƙyalle na lilin ta yi ta gwada irin ɗinki iri iri a kansa, ta zana baƙaƙe da lambobi da zare, daga ƙarshe ta sa sunanta da shekarar da ta gama. Wanda ya fi kowane tsufa cikin irin waɗannan ƙyallaye na Ingila masu ɗauke da shekara shi ne na wata mai suna Jane Bostocke, an yi shi cikin 1598, yana kuwa ajiye a gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a birnin London. Cikin ƙarni na 18 har akwai ƙyallen da a kan huda da gangan, a ce wa yarinya ta cike hujin da zare, tana bin saƙar yadin sili sili, har ido ya kasa gane inda aka gyara.

Wannan koyarwa tana da dalili. A lokacin nan kowace riga da hannu a ke ɗinka ta, yadi kuwa da tsada. An lissafta cewa rigar namiji guda ta kan ci wa mai ɗinkin hannu wajen awa 14. Abin da aka sha wahala haka kafin a same shi, dole a iya raya shi. 'Yan mata matalauta kuma da yawa aikin barantaka su ke shiga a gidajen masu arziki, uwargida kuwa ba ta ɗaukar wadda ɗinkinta ya karkace.

Cikin 1862 Gwamnatin Ingila ta yi wata doka ta makarantu, wadda ta ce ba za a ba makaranta kuɗin taimako ba sai tana koya wa 'yan mata ɗinkin hannu. Daga nan ɗinki ya zama abin da sufeto ke dubawa. Malama ta san kuɗin makarantarta na rataye da abin da sufeto zai gani, saboda haka sai ta tsananta. Ɗinki ya zama ƙanana, tsakaninsu daidai wa daida, in layi ya kauce a warware a sake. Abin mamaki, duk wannan ya faru ne bayan keken ɗinki ya riga ya fito. Elias Howe ya sami takardar mallakar kekensa a Amurka cikin 1846, Isaac Singer ya sami tasa cikin 1851, rigar nan ta awa 14 kuwa keke na gama ta cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Duk da haka aka ci gaba da auna yarinya da ƙanƙantar ɗinkinta.

Da masana'antu suka yawaita, tufafin kanti suka yi araha, sai wani tunani ya zauna a zukatan masu hali. Gyaran da ba a gani, wannan gwaninta ce. Facin da ido ke gani kuwa, wannan tambarin talauci ne. Mace mai rufin asiri ta gwammace ta ba da riga sadaka ta sayi sabuwa da a ga ɗanta da maho a gwiwa. Talakawa dai ba su daina faci ba, domin ba su da zaɓi, amma suna yi suna jin kunya.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi cikin 1939. Ingila tsibiri ce, auduga ba ta fita a can. Daga Amurka da Masar da Indiya ta ke samun mafi yawanta, har da ta ƙasarmu wadda a ke gurzawa a Zariya da Funtuwa. Ulu mai yawa kuma daga Ostireliya ya ke zuwa. Jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suka dinga nutsar da jiragen kaya, waɗanda suka tsira kuwa abinci da makamai suka fi bukatar wuri a cikinsu. Masaƙa suka bar masaƙu suka koma yin harsashi, waɗanda suka rage aka sa su saƙa kayan soja. Siliki aka kwashe shi don yin laimar da soja ke sauka da ita daga jirgin sama.

Ran 1 ga Yuni 1941 shugaban ma'aikatar ciniki, Oliver Lyttelton, ya yi shela cewa daga ranar ba mai sayen tufa sai da tikiti. An ɓoye shirin har ranar da aka faɗa, don kada mutane su ruga su wawashe kantuna. Kowane mutum aka ba shi tikiti 66 na shekara. In zai sayi wando ya ba da 8 tare da kuɗinsa, takalman maza 7, rigar mace ta ulu 11. Mai fam dubu da mai sule goma tikitinsu ɗaya. Da yaƙi ya yi tsawo aka yi ta rage rabon, har daga Satumba 1945 zuwa Afrilu 1946, wata takwas cur, tikiti 24 kaɗai kowa ya samu.

Cikin 1942 aka ƙara da waɗansu dokoki a kan maɗinka. Aka ƙayyade yawan aljihu da maɓallai da za a sa wa kwat, aka rage tsawon taguwar maza, aka hana naɗin bakin ƙafar wando, don a tsimi yadi. Maza da yawa suka ji haushin wannan na ƙarshe, har waɗansu su kan sayi wandon da ya fi su tsawo, su kai gida a naɗe musu.

To, tun da sabuwar riga ta yi wuya, sai a koma ga tsohuwa. Cikin 1943 Gwamnati ta buga wani ɗan littafi mai suna Make Do and Mend, ma'anarsa a yi maneji da abin da ke hannu, a gyara. Kuɗinsa kwabo uku. Aka manna hotunan wata 'yar tsana mai riƙe da allura a bangaye tana ba da shawara, aka buɗe ajin ɗinki a makarantu da ɗakunan taro na garuruwa. Shawarwarin kuwa masu sauƙi ne. In kwalar taguwa ta cinye, a farke ta a juya bayanta. In zanen gado ya sale a tsakiya, a tsaga shi biyu a haɗa gefe da gefe, sashin da ya sale ya koma baki. In rigar saƙa ta tsufa, a warware ulun a wanke a saƙa wa yaro wata. A sa wa sabon wandon yaro ƙyalle ta ciki a gwiwa tun bai huje ba. A riƙa kakkaɓe kayan ulu ana shanyawa don kada asu ya ci.

Ku lura da abin da ya sake a nan. Dā abin tambaya shi ne, ana ganin gyaran? Yanzu abin tambaya ya zama, zai riƙe? Yadi mai launin rigar ba ya samuwa, saboda haka aka ce a yi faci da wani launi dabam, in an so ma a yanka shi da siffa mai kyau ya zama ado. Bargon soja ya zama kwat. Kwat ɗin miji da ya tafi yaƙi ya zama tufar matarsa. Amare suka yi rigar biki da tsohuwar laimar jirgin sama. Ƙungiyar mata masu aikin sa kai ta buɗe wuraren musaya, uwa ta kawo rigar da ta yi wa ɗanta kaɗan ta karɓi wadda ta fi girma.

Gaskiya kuwa, matan talakawa ba su ga wani sabon abu cikin littafin nan ba, har waɗansunsu suka ji haushi a ce Gwamnati za ta koya musu abin da suka gada daga iyayensu. Waɗanda suka yi karatu su ne masu hali. Da kowa ya shiga faci, babba da yaro, sai kunyar ta ragu, domin ba mai yi wa wani dariya. Ko gidan sarauta bai fita daga dokar ba. Da Gimbiya Elizabeth za ta yi aure ran 20 ga Nuwamba 1947, da tikiti aka sayi yadin rigarta, Gwamnati ta ƙara mata 200. Mata da yawa suka aiko mata da nasu kyauta, aka mayar musu, domin doka ta hana a ba wani tikiti. Ba a ɗage dokar tufafi ba sai ran 15 ga Maris 1949, kusan shekara huɗu bayan yaƙi ya ƙare.

Kada wani ya ji wannan labari ya ce na yabi aikin ganin dama. Allura tana da aiki biyu, kowanne da ma'auninsa. Akwai aikin ado, irin aska takwas da a ke yi wa babbar riga, wanda gwani zai yi watanni yana duƙe a kai. A nan in an ƙaƙale ba a yi laifi ba, domin don kallo aka yi shi. Akwai kuma aikin gyara, maɓallin da ya fita, da kalmasar da ta warware, da hammatar da ta farke. Wannan ma'auninsa uku ne: a yi shi da wuri, a ƙulle zaren farko da na ƙarshe, facin kuma ya zarce wurin da ya sale ya kama yadi mai ƙarfi. In ya cika ukun nan ya yi, ko da layinsa ya yi tafiyar maciji. Kuskuren makarantun Ingila na dā shi ne sun ɗauki ma'aunin ado sun auna gyara da shi, yara da yawa suka tashi suna tsoron allura.

Kai ɗan makaranta da ke kwana a makaranta nesa da gida, rigunanka biyu ne ko uku, kuɗin kuwa daga gumin mahaifinka suka fito. Yagar da ta kai inci ɗaya yau, in ta shiga wanki sau biyu ta zama taƙi. Ɗinki goma sun ishe ta yau, gobe sai an nemi ƙyalle, jibi sai an nemi sabuwar riga. Ke kuma 'yar makaranta, in malama ta sa ki warware ɗinki a aji, ki warware, domin haka hannu ke faɗawa. Amma in kin koma gida kin tarar da wandon ƙanenki a yage, kada ki jira sai kin zama gwana. Facinki na farko zai karkace, na goma zai fi shi, na ɗari ba mai gane shi. Wanda ya ƙi yin na farko kuwa, ba ranar da zai kai na ɗari.

Saboda haka kowa ya nemi allura guda da zare fari da baƙi ya ajiye cikin akwatinsa. Da babu gara ba daɗi, riga mai maho kuwa ta fi wadda ke naɗe ƙarƙashin tabarma tana jiran gwani. Allah ya sa mu zama masu tattalin abin da ya ba mu, amin.