Ƙidayar Kifi a Kwara: Daga Sarkin Ruwa zuwa Littafin Ma'aikata

Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya, amma kaɗan ne suka san cewa halitta ce mai rai a teku, kuma wasu danginta kan gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa inda kifaye ke taruwa. A Ostireliya, tun shekarun 1980 masana suke komawa kan irin waɗannan tsaunuka kowace shekara, suna ƙirga kifi, suna duba lafiyar murjanin. Darajar aikinsu ita ce rashin yankewarsa. Mutanen Bengu da Gaya ba su da teku, amma suna da Kwara da tabkunan Dallol, kuma ƙidayar kifinsu tana da nata tarihi.

Masu ƙidaya na farko su ne Sarkawa, masuntan da suka bazu daga ƙasar Kabi zuwa gaɓar Kwara. Sarkin Ruwa ba shi da takarda, amma ya san shekarar da giwan ruwa ta yi ƙaranci, ya san gurbin da za a hana jefa taru har kifi ya girma. Ya kuma san cikar kogi biyu: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa mai tasowa daga ƙasar Gini, wanda ba ya isowa sai cikin hunturu. Idan ruwa ya malale fadama, tarwaɗa da ƙarfasa da bargi su hayayyafa cikin ciyawa. Idan bai malala ba, komar baɗi ta fito da sauƙi. Wannan shi ne abin da masanan Turai suka tabbatar daga baya da alƙaluma, cewa kamun bana ɗan ambaliyar bara ne.

Littafi ya shigo a makare. Bafaranshe Jacques Daget ya wallafa bincikensa kan kifayen saman kogin a 1954, amma can ƙasar Mali ya yi aikin. Ta ɓangaren Najeriya kuwa, sai da aka datse kogin a Kainji a 1968 aka fara ƙirga kamu da gaske. A farkon shekarun tabkin, kamun shekara ya haura tan 28,000, faliya ce kan gaba. Kafin 1970 ɗin su ƙare ya faɗi ƙasa da tan 5,000. Ba don an rubuta adadin farko ba, da faɗuwar ta zama zancen tsofaffi kawai, wanda yaro zai ji ya yi murmushi.

Gaya, wadda take sama da Kainji, ta sha nata kashin a hannun fari. A watan Yunin 1985 Kwara ta daina gudana a Yamai. Fadamu sun bushe, masunta da yawa sun koma noma ko sun bi ruwa zuwa wasu ƙasashe. An sa dausayin tsakiyar Kwara cikin yarjejeniyar Ramsar a 2001, Dallol Mawri kuma a 2004, sai dai sa suna a takarda daban, auna kifi kowace shekara daban. Ga kuma wahalar iyaka: kifin da aka kama da asuba a ruwan Nijar yana iya kwana a kasuwar Malanbil ta Benin ko ta Kamba a Najeriya, a ƙyafe, cikin kwandon da ba wanda ya auna shi.