Gubar Afulatoksin a Masara: Asalinta, Illolinta da Hanyoyin Kariya

Afulatoksin guba ce da wani nau'in fumfuna mai suna Aspergillus flavus ke samarwa a jikin masara, gyaɗa da wasu amfanin gona. Ba ta da wari ko ɗanɗano, kuma dafuwa ba ta kashe ta, don haka takan bi gari har cikin tuwo da koko ba a ankara ba.

An gano ta ne bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a shekarar 1960, waɗanda suka ci abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa.

Yadda take kama masara

Fumfunar na rayuwa a cikin ƙasa, kuma ta fi samun kafa idan fari ya galabaitar da shuka ko ƙwari suka huda ƙwayar. Shanya masara a tsurar ƙasa da zuba ta a rumbu da sauran laima na ƙara yaɗuwarta.

Illa ga lafiya

Cin gubar da yawa a lokaci guda na lalata hanta, ya haddasa shawara, amai da kumburin ciki. A shekarar 2004, mutane 125 suka rasu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara.

Haɗarin da ya fi yawa shi ne cin ta kaɗan-kaɗan tsawon shekaru. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara, musamman ta hanta. Barazanar na ninkawa ga masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Bincike a Benin da Togo ya kuma alaƙanta ta da tsumburewar yara.

Matakan kariya

Masana na ba da shawarar girbi a kan lokaci, shanya a kan tamfal har laimar ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100, da ɗora buhuna a kan katako. Tsince ƙwayoyin da suka sauya launi, surfe da wankewa na rage gubar.

Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin masara ta yi bunu.

Bai kamata a bai wa dabbobi masarar da ta yi fumfuna ba, domin gubar na ratsawa cikin madara ta koma ga ɗan Adam.